Takardun Malam Nasidi a cikin leda

Ana sallame sallar magariba dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan Muhtari a Ƙauran Namoda. Inna Lami, mahaifiyarsa, tana kwasar tuwo, ta ce yaran maƙwabta ne. Na biyu ya faɗo, na uku ya fasa randa, kuma babu yaro ko ɗaya a lungun. Gidan ya yi tsit. Can daga ɗakin da ake ajiye littattafai sai aka ji muryar dattijo tana karatu a hankali, tana tsayawa, tana tsaki.

Ga abin da Muhtari ya aikata, kuma abin haushi ne. Kakansa Malam Nasidi ya bar littattafai na rubutun hannu, takardu warwara babu ɗinki, cikin gafakar fata. Shekara arba'in Inna Lami ke kula da su yadda ta tarar. In rani ya yi ta shanya su a inuwa, ta juya su ɗaya bayan ɗaya, ta sa busasshen ganyen darbejiya saboda gara. Muhtari kuwa ma'aikacin ɗakin karatu ne a wata makaranta. Kwas na adana littattafai na sati biyu kacal ya je Gusau bayan an ba su sabuwar jiha, ya dawo yana yi wa kowa kallon baƙauye. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, malamai suka fara zuwa duba littafin rabon gado da kakan ya wallafa da kansa. Sai gogan naka ya kwashi takardun littafin duka talatin, tsakiyar damina, ya kai shagon da ake liƙe katin shaida cikin leda da injin zafi. Uwarsa ta hana, ya yi dariya ya wuce.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu 'yarsa Zulaihat, mai shekara goma sha shida, ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar ɗakin. Ta daina ci, ta daina gane mutane. Da abin ya ƙi, Muhtari ya hau babur ya ɗauko Liman Hamisu daga Zurmi.

Rana ta yi ja suka iso. Liman ya zauna a kan buzu ya fara karatu a kunnenta. Bai yi nisa ba yarinyar ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, muryar dattijon nan ta fito daga bakinta.

"Bar wahal da kanka, Liman. Aljani Musulmi ni ke, ɗalibin Nasidi. Shekara sittin ina karanta littahin ga. Wanga sakarai ya kai shi an gasa kamar nama. Shi ɗauko ku gani!"

Muhtari ya buɗe akwatin da ya ajiye takardun. Danshin da aka rufe a cikin ledar ya gama aikinsa. Tawadar ƙaro ta narke ta bazu, fumfuna ta hau, shafi bayan shafi babu abin da ke karantuwa. Ya sa farce ya ɓare leda ɗaya, ta taso da fatar takardar gaba ɗaya. Ya ji kamar ya mari kansa.

"Laihin uba na," in ji Liman, ransa a ɓace. "Mi ɗiya ta yi maka? Zalunci haramun na gare ku kamar yadda shi ke gare mu."

"Babu wani kwahi duniya, ni kaɗai na hardace shi. Ku bar mini bakinta kwana arba'in, in faɗa ku rubuta. Sannan in tahi."

Liman ya dubi wuyan yarinyar da ya zama kamar sillen kara.

"Ba ta kai kwana goma, Muhtari. Littahin kakanka na, ɗiyarka ta. Kai ka faɗi."

Muhtari ya dubi 'yarsa. Duk ƙoƙarin kakansa yana bakin nan, kuma shi ya jawo. Hawaye suka zubo masa, na baƙin ciki da na jin haushin kansa.

"Shi hita," ya ce. "Shi bar mini ɗiyata."

"To, na tahi da shi," in ji muryar. "Ba ku ƙara jin harahi guda."

Zulaihat ta yi atishawa sau uku, ta sulale jikin kakarta, ta ce a ba ta ruwa.

Da safe Muhtari ya sami uwarsa tana jera sauran gafakun a kan katako, nesa da bango. Ya durƙusa.

"Inna, ko layi guda ba ki riƙe ba?"

Ba ta ko waiwayo ba.

"Ni ban iya karatu ba, Muhtari. Ajiya na iya."