Ledar da Ke Jikin Bango

"Wannan ma bai yi maka ba?" na ce da saurayina Mai Fenti. "Ɗaki na shida ke nan fa!"

"Ban ce bai yi ba, rabin raina. Cewa na yi a bari sai gobe."

Dillali ya karkaɗa makullansa. "Haba malam! Shekaranjiya aka yi masa fenti."

"Ai shi ya dame ni."

Ya zaro farar leda daga aljihu, ya manna ta a ƙasan bango, ya bi gefe huɗu da salatif. Haka ya yi a duk ɗakin da muka duba. In na tambaya sai ya ce, "Aikina ne." Ni ko da shegen son sanin ƙwaƙwaf, abin ya tsaya mini a rai.

Wata biyu ke nan da guguwa ta yaye rufin gidan da muke haya ni da Umma. Bango ya sha ruwa, fumfuna ta fito baƙi ƙirin, tarin da Umma ta jima tana yi ya kai ta gadon asibiti. Likita ya ce kada ta ƙara kwana a ɗaki mai laima. Mai gida kuma ya ce mu tashi zai yi gyara.

Tun daga nan muke falon Kawu. Umma a doguwar kujera, ni a ƙasa, keken ɗinkina a bayan ƙofa ana shanya masa tawul. Na ce wa Mai Fenti babu maganar aure sai Umma ta samu ɗaki. Sai ga shi yanzu shi ke ƙin ɗakunan! Wallahi har na fara zargin auren ne ya fita ransa.

Washegari na riga shi zuwa. Na durƙusa na leƙa ledar... cikinta duk gumin ruwa, har yana gangarowa.

"Kin gani ko?" Muryarsa na ji a bayana. "In bango ya bushe, haka za ki tarar da ledar yadda aka manna ta. Wannan a jiƙe yake, fenti kawai aka shafa a kan fumfuna. Wata ɗaya za ta huda ta fito."

"To me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Za ki tambaye ni inda na sani."

"Ga shi na tambaya."

Ya sunkuyar da kai. "Kin tuna bara, da mai gidanku ya kawo ni in yi muku fenti?"

Ina zan manta? Ranar na fara ganinsa, da ɗigon fenti a gira.

"Bangon ɗakin Umma a jiƙe yake a lokacin. Na ga baƙin, na faɗa wa mai gida, ya ce in shafe kawai... na shafe. Bayan wata biyu ta fara tari."

"Kai?!"

"Ni ne, rabin raina."

"Kada ka ƙara kira na da sunan nan!"

Da kuka na isa gidan Kawu. Na zauna a ƙafar Umma na kwashe komai na faɗa mata, ina jira ta ce a fasa. Ita kuwa ko gezau, gyara zaman filonta ta yi.

"Sai yau ya iya faɗa miki? Ni tun ina asibiti ya zo ya durƙusa, yana kuka kamar an mutu. Har na ce masa ya tashi kada ma'aikata su ɗauka na cika."

"Umma! Kuma kika yafe?"

"Ƙirjina ne ko naki? Na yi fushina na kwana uku na gama. Mai gidan da ya sa shi ko sannu bai zo ya yi mini ba." Ta ɗaga filon ta ciro makulli. "Ya riga ya kama mana wani gida, ciki da falo ne da ƙaramin ɗaki. Kwana tara ledarsa na jikin bangon, ya ce ba zai nuna miki ba sai an tafka ruwa a kai ya gani. Jiya da yamma kuwa an tafka."

Tana gama kwatanta mini gidan na karɓi makullin, ban tsaya neman takalmina ba, silifas ɗin Kawu na zura.

A ƙofar gidan na same shi a tsaye, ya kasa shiga.

"Ka duba?"

"Tsoro nake ji..."

Ni na buɗe. Na wuce babban ɗakin, na ɓare salatif ɗin, na shafa ledar, na shafa bangon. A bushe ƙamas! Sai kawai hawaye ya ɓalle mini.

"Nan na Umma ne," ya ce a hankali. "Mu ƙaramin ya ishe mu... in har yanzu akwai mu."

"Mayar da ledarka tukuna," na ce ina share fuska. "Sannan ka je ka samu Kawu a sa rana."

Watanmu biyar yanzu da aure. Umma ta hana a cire ledar. Kullum da safe sai ta shafa ta, ta ja numfashi mai tsawo ba tari, sannan ta ɗaga murya yadda zai ji daga ɗakinmu: "A gaya wa surukina yau ma a bushe take!"