Watannin da Atika Ta Jira

"Kwanta sosai, 'yar nan."

Atika ta kwanta a kan tabarma, ta juya fuskarta bango. Hannun ungozoma ya bi ta kan cikinta da ya kumbura, ya tsaya a kan jar nankarwar da ta fito mata tun farkon damina.

A bakin ƙofa Inna Hussaina ce tsaye, mahaifiyar Uwaisu, saurayin Atika da aka sa musu rana. Ita ta ɗauko ungozomar tun daga Makarfi har Hunkuyi. A bayanta kuma ga 'yar ƙaninta Zulai, wadda ta hango nankarwar a wani gidan biki ta kai labari.

"Yaushe rabonta da al'ada?" in ji ungozoma.

Adama, mahaifiyar Atika, ta amsa da ƙyar. "Wata na huɗu ke nan."

"Ni dai ban ji motsi ba. Amma ba zan rantse ba."

Zulai ta taɓe baki. "Ai fuska ma ta nuna. Dubi yadda ta yi ɓul-ɓul."

"To, Adama, kin dai ji," in ji Inna Hussaina. "Ɗana ba zai yi renon ɗan wani ba."

Suka fita. Atika ba ta yi kuka ba. Kanta ne kawai yake sarawa, kamar ana daka a ciki.

Washegari da la'asar ta ji ƙararrawar keken saurayinta. Uwaisu malamin firamare ne a Makarfi, kuma bai taɓa zuwa zance ba tare da ƙullin mazarƙwaila ba. Ta fito zaure tana rufe fuska da mayafi.

"Atika... ɗago ki dube ni."

"Ka ji abin da aka ce, Malam?"

"Na ji."

"Ba za ka tambaye ni ba?"

"In na tambaye ki, ai na zage ki ke nan."

Sai a lokacin kukan ya zo mata.

Shi ya roƙi mahaifinta, Malam Sada, har ya amince suka hau lori zuwa asibiti a Zariya. Aka auna, aka sake aunawa, aka ɗauki hoto. Daga ƙarshe likita ya zaunar da su.

"Ba ciki ba ne," ya ce. "Ƙari ne ya fito mata a saman ƙoda. Ba mugu ba ne, ba ya yaɗuwa. Amma shi ya kumbura ta, shi ya tsayar da al'adarta, shi ya kawo hawan jini da suga. Sai an yi aiki an cire shi, kuma a babban asibitin Badun, can kudu, ake yi. Ku tafi da wuri. Zuciyarta tana ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinta."

Malam Sada ya yi hamdala. Uwaisu har da dariya.

Atika kuwa cikinta take kallo.

Sai da suka dawo gida ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ba zan je ba yanzu."

"Me kika ce?"

"In na tafi da ciki na dawo babu, me za a ce a garin nan? Za a ce Malam Sada ya kai 'yarsa kudu an zubar. Wa zai ƙara turo maka ɗansa karatu? Wa zai auri ƙannena?"

"Ai likita ya faɗa..."

"Likita ba ya zuwa rijiya, Baba. Ba ya zuwa gidan suna. A bar ni a idonsu har wata tara ya wuce. In ba su ga ɗa ba, sai in tafi."

Malam Sada ya kawar da kai. Ya kamata ya tsawata mata. Bai tsawata ba.

Uwaisu ne ya yi ta fama.

"Ni na yarda da ke, ban ishe ki ba?"

"Ka ishe ni, Malam."

"To, don Allah, rabin raina..."

"Ba na so ka shiga da ni gidanku Inna tana kallon cikina. Ba na so wata rana ka yi fushi, ko sau ɗaya, abin ya faɗo maka a rai."

"Wallahi ba zai faɗo ba."

"Na sani. Amma ka bar ni in wanke kaina."

Haka ta zauna. Kullum da hantsi sai ta fito tsakar gida inda masu shigowa za su gan ta, ta ɗaura zani ba tare da mayafi ba. Mata suna zuwa aron turmi, aron wuta, suna satar kallo. Ƙishirwa ba ta ƙare mata. Tururuwa ta fara taruwa a makewayi bayan ta fito. Uwaisu ya daina kawo mazarƙwaila, yana zuwa hannu rabbana yana jin kunya.

Ƙafafunta suka kumbura. Daga ɗaki zuwa zaure sai ta tsaya ta huta.

"Numfashinki fa, Atika," in ji Uwaisu.

"Saura kaɗan."

An yi girbin dawa, an fara saran rake. Wata tara ya cika, ta ƙara guda a kai don kada a ce an yi kuskuren lissafi. Ciki yana nan yadda yake. Matan da suka yi ta ƙus-ƙus suka koma cewa, "Ashe ciwo ne, baiwar Allah. Sannu, Atika."

Ranar da za su hau jirgin ƙasa, ɗaukarta aka yi zuwa mota.

An yi aiki a Badun, an yi nasara. Aka nuna wa Uwaisu ƙarin a cikin kwalba, bai fi goro ba. Ya tsaya yana kallonsa. Wannan ɗan abin.

"Suga zai sauka, jinin ma zai sauka," in ji likitan can. "Ta riƙa shan ƙwayoyin nan kullum. Amma zuciyar ta riga ta gaji. Me ya tsayar da ku?"

Uwaisu ya mayar da idonsa kan kwalbar.

Kafin damina ta sake faɗuwa, fuskar Atika ta dawo, 'yar siririya kamar da. Wata safiya ta raɗa wa mahaifiyarta a kunne cewa al'ada ta dawo, Adama ta fashe da kuka tana godiya ga Allah. Inna Hussaina ta zo da kanta, ta kama hannun Atika.

"Ki yafe mini, 'yata. Zulai ce ta..."

"Ya wuce, Inna."

Aka ɗaura aure. Aka kai ta Makarfi a hankali, ba kiɗa mai yawa.

Sun yi damina guda tare. Ba ta iya daka, ba ta iya ɗiban ruwa, shi yake yi kafin ya tafi makaranta, maƙwabta suna yi masa dariya. Barci ma sai a jingine take yi.

Da aka fara dafa sabon rake, ya shigo da ɗan ƙullin mazarƙwaila.

"Likita ya ce kaɗan ba laifi."

Ta gutsira ta sa a baki, ta lumshe ido. "Ta wajen Iliyasu mai dafa rake ce. Har yanzu yana ƙona ta."

Ya yi dariya, sannan ya ga yadda kafaɗunta suke ɗagawa da kowane numfashi.

"Malam..."

"Na'am, rabin raina."

"Kana jin haushina? Watannin nan... naka ne na ɗauka na ba mutanen gari."

Ya so ya ce a'a. Bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Wani lokaci," ya ce.

Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙirjinta. "To ka yafe."

"Na yafe tun kafin ki tambaya."

Bayan kwana kaɗan, da hantsi, ta cika a jingine a kafaɗarsa.

Ranar sadakar uku yana zaune a zaure yana karɓar gaisuwa. Ta bayan katanga muryoyin mata suna tasowa daga cikin gida.

"Yarinya mai mutunci."

"Wallahi. Ba a taɓa jin kanta da kowa ba."

Ya gane muryar ta biyun. Zulai ce.

Abin da Atika ta jira ke nan, ga shi an faɗa. Uwaisu ya sunkuyar da kai, ya rufe fuskarsa da hannun riga.