Abin da Ya Kai Lauya Kalgo

A tashar Gwandu suka fara haɗuwa, ranar da iska ta kwashe wa Ɗahiru takardu. Kubura ta take ɗaya da takalmi, ta miƙa masa a kife.

"Malama, ko leƙawa ba ki yi ba?"

"Ba tawa ba ce," ta ce, kanta a ƙasa.

Ɗahiru shi ne ƙaramin lauya a ofishin Sambo. Shekara goma sha biyu ke nan da tsoho Lauya Sambo ya buɗe wurin da tebur ɗaya da tafireta. Yanzu, a 1977, su biyar ne, har daga Diggi ake zuwa. Abin da ya ɗaga ofishin ɗaya ne: maganar da ta shiga ba ta fita.

Wata huɗu suna musayar wasiƙu, yana kiranta Malamata saboda tana koyarwa. Da manyansa suka je neman aure, mahaifinta Malam Adamu ya ce, "Na yarda da kowa, ban da ɗan ofishin nan." Bai faɗi dalili ba.

Ana cikin haka Kubura ta ji cewa duk Alhamis Ɗahiru yana Kalgo, gidan wata bazawara, Dije. Ta shiga mota ta je. Ga babur ɗinsa a ƙofa. Ga Dije, doguwa mai wushirya, tana ɗaura masa busasshen kifi a bayan babur ɗin, suna dariya.

Ta rubuta masa: "Lauya, kifin Kalgo ya yi daɗi? Ka gaya mini abin da ke kai ka gidan nan, ko ka daina rubuto mini."

Amsa ta zo: "Malamata, wallahi ke kaɗai ce. Amma maganar Dije ba tawa ba ce, kamar takardar nan ta tasha. Ko zan rasa ki, ba zan faɗa ba."

Ta kai wa mahaifinta wasiƙar tana kuka. "Baba, ka yi gaskiya. Na fasa."

Malam Adamu ya karanta sau biyu.

"Bai taɓa yi miki wata magana a kaina ba?"

"A kanka? Wace magana?"

Tsohon ya yi ajiyar zuciya. "Shekarar da aka buɗe ofishin na kai wa Sambo wata matsala tawa. Ko uwarki ba ta sani ba. Takarduna suna can, yaron nan yana ganinsu kullum. Tsoro na ji ya zama suruki, wata rana baki ya kuɓuce masa. To ga shi ya gwammace ya rasa ki. Ɗiyata, ki bar fushin nan. Na ba shi."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure. Dije ta zo da kwandon kifi, ta riƙe hannun amarya.

"Fadamar mahaifina angonki ya ƙwato mini, amarya. Ki daina hararata."

Aka yi dariya, dattawa suka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a tagari.

Da suka keɓe, Kubura ta matso. "Lauyana, yanzu dai na zama taka. Mene ne a takardun Baba?"

Ɗahiru ya yi murmushi. "Wane Baba?"