Gurup ɗin Kalla

Duk wanda ya san Madawa ya san Kalla, mai gyaran salula a bakin tasha. Shi ya buɗe wa manoman albasa gurup a WhatsApp, masoya kokowa nasu daban, 'yan ci-rani nasu daban. Amma shiru, ba mai leƙowa, balle 'yan kasuwa su ba shi talla.

Sai ya hau moto da rana tsaka ya nufi wani boka, Ango, a duwatsun bayan Ibohamane. Ɗakin duhu ne, yana warin tsohon jini, ƙahonin awaki a rataye, ƙudaje sun rufe wata baƙar tukunya.

"Mi kake biɗa?" in ji Ango.

"Mutane, Baba. Su cika min gurup."

Ango ya yanka baƙin bunsuru, ya tsoma salular Kalla cikin jinin. Ta kunna kanta.

"Za su taho. Amma muryarka ta zama ta salular nan."

"Murya kaɗai?"

"Ita kaɗai."

Kafin kaka mutane suka cika, talla ta yi yawa. Kalla ya gina bene, ya sai wa matarsa Salima zinariya.

Sannan saƙonnin murya suka fara fita da muryarsa, alhali bai yi magana ba. Kowane gurup ana faɗa masa abin da zai tafasa masa zuciya. Masoya kokowa suka sari juna da adda a Azarori. Aka gaya wa manoma cewa ƙanen Kalla, Faruƙ, ne ke zuba guba a rijiyoyin lambu. Suka tare shi a hanyar Urno, suka farfasa masa kai da fartanya.

Da Salima ta ji muryar mijinta ce ta kashe yaron, ta yage tufafinta ta fita titi tana dariya. Har yau ba ta dawo hayyacinta ba.

Kalla ya daka salular a turmi. Washegari saƙo ya sake fita: "Ni na haɗa ku faɗa. Ina gida, ku zo."

Suka zo kuwa, da sanduna da kananzir. Yana ihun ba shi ba ne, amma duk sun san muryar. Benen ya ci wuta da shi a ciki.

Kai mai kwaɗayin taro, ji tsoron Allah. In ka miƙa wa boka wani abu naka, ba kai ne za ka zaɓi wanda zai mutu ba.