Rabon Ruwan Asabar

Ƙarfe ɗaya saura kwata na ranar Asabar aka buga wa Sufeto Delia Plaatjies waya, aka ce an tsinci gawa a Duiwekloof. Da ta ji sunan garin sai da ta ajiye cokalin da ke hannunta. A can aka haife ta, shekara goma sha tara ke nan rabonta da kwana a cikinsa, kuma ba kewarsa take yi ba.

Duiwekloof hanya ɗaya gare shi. Ta gadar da ka shiga, ta nan za ka fito, sauran kuwa duwatsu ne suka yi wa gonakin inabi zobe. Ranar kuma ta faɗo a ranar buɗe lambuna, wadda sau ɗaya ake yi a shekara. Masu gidaje su wangale ƙofa, mutanen birni su zo da faffaɗan huluna su yi ta sunsunar furanni, su ci naman rago a gindin itatuwa, su kora da giyar inabi, su koma gida suna cewa zaman ƙauye ya fi.

Sufeto ta sa aka gindaya mota a kan gada, ta ce ko kare kada ya fita.

Mamacin Gideon Laubscher ne, wani attajiri daga Johannesburg da ya sayi gonar sama shekara uku da suka wuce, ya buɗe gidan abinci, ya haƙa tafki don baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Yana kwance rub da ciki a bakin magudanar ruwa, daidai iyakarsa da gonar Mevrou Hanlie Rossouw, wato Uwargida Rossouw.

Ruwan garin daga dutse yake gangarowa ta wannan magudana, kowane gida da lokacinsa. Laubscher daga goma zuwa sha biyu, gidan Rossouw daga sha biyu zuwa biyu, sai kuma wata Asabar. Inda magudanar ta rabu biyu akwai wani marfin ƙarfe mai nauyi da ake zarewa daga wannan baki a cusa a wancan. Yanzu yana toshe da bakin da ke kai ruwa gonar Laubscher, ruwa na ta gudu zuwa gidan Rossouw.

Sufeto ta durƙusa. An fasa masa ƙeya, ga wani shebur a gefe. Amma tufafinsa sharkaf suke, alhali a busasshiyar ƙasa yake kwance. Daga sama kuma ciyawa ta kwanta, laka ta shafe ta, alamar ruwa ya taru ya yi ambaliya.

"A cikin ruwa ya faɗi," ta ce wa Kofur Tyali, ɗan sandan da suka zo tare. "Daga baya aka jawo shi."

"Wataƙila mai ceto ne, ranki ya daɗe."

Ta nuna masa sawun jan. Taku ɗaya ne tak. Wanda ya ja shi bai kai shi inuwa ba, bai ko juya fuskarsa sama ba.

Ba su gama magana ba sai ga wani tsoho ya taso daga kan bokitin da yake zaune, hula a hannu. Oom Abrie Jantjies ne, wato Kawu Abrie, mai kula da lambun Mevrou Rossouw shekara arba'in da wani abu. Ɗakinsa yana jikin ɗakin da aka haifi Sufeto, a layin ma'aikata da ke bayan rumbun taki.

"Delie, kada ki wahalar da kanki," ya ce. "Ni ne."

Ya ce ya zo juya ruwa ƙarfe sha biyu, Laubscher ya hana shi, ya zage shi, shi kuma ya maka masa shebur. Ya faɗi maganar sumul, babu tuntuɓe ko ɗaya. Kofur Tyali har murmushi ya yi, don ya ga alamar yau da wuri za a koma gida, ya ɗaura masa ankwa.

Sufeto ta ce a cire. Ta nuna wa tsohon marfin ƙarfen, ta ce ya zare shi ta gani.

Ya sunkuya ya kama. Yatsunsa sun daɗe da kanannaɗewa saboda ciwon gaɓoɓi. Ya ja, ya sake ja, marfin ko motsi. Ya miƙe yana haki, ya ce ai fushi yana ƙara wa mutum ƙarfi.

"Oom, fushin nan har yatsu yake miƙarwa?"

Ya miƙa wa Kofur hannayensa biyu.

Ta san dalili, kuma sanin ya ƙona mata rai. Ɗakunan layin nan na mai gona ne. Matar Oom Abrie, Katrien, shekara shida tana kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Muddin Mevrou tana riƙe da gona, suna da wurin kwana. Idan ta tafi, 'ya'yanta da ke Ostireliya za su sayar, sabon mai gona kuma ba ya sayen tsofaffi. Mahaifin Sufeto sau ɗaya ya taɓa yi wa maigida musu, sati biyu aka ba su su kwashe kaya.

Waya ta yi ƙara. Kaftin ne daga ofis. Ya ce ya ji an sami wanda ya amsa laifi, to me ake jira? Baƙi sun dame shi da kira, cikinsu har da lauyoyi biyu. Ƙarfe huɗu zai aiko da mota ta ɗauki tsohon, a buɗe gada. Ta duba agogo, biyu da rabi. Ta san idan Oom Abrie ya haye gadar nan da sa hannunsa a takarda, a gidan yari zai mutu.

Baƙin Mevrou mutum arba'in ne, suna nan a dogon teburin da aka shimfiɗa ƙarƙashin rumfar inabi. Rana ta take, iska ta ɗauke, ƙudaje sun gaji sauran naman. Waɗanda da safe suke cewa za su sayi fili a garin, yanzu tambaya suke ko akwai wata hanya ta bayan dutse. Kofur ya ce babu, sai dai in mutum yana da fiffike.

Sufeto ta ce kowa ya buɗe wayarsa. Mutanen birni ba sa cin abinci sai sun ɗauke shi hoto, yau dai halin ya yi rana.

Wata mata mai jar hula ta nuna hotonta a bakin ƙofar shiga. Ta ce sun makara, suna isowa ƙararrawar coci na buga sha biyu, wani tsoho mai kirki ya nuna musu inda za su ajiye mota. Ga Oom Abrie nan a bayanta, wandonsa a bushe. Wayar ta rubuta sha biyu da minti huɗu. Daga ƙofar zuwa magudana tafiyar minti goma ce ga mai lafiyar ƙafa.

Wani kuma ya nuna hoton Mevrou tana yi wa baƙi maraba da shuɗiyar riga, sha ɗaya da rabi. Sufeto ta ɗaga kai. Can ƙarshen tebur Mevrou tana zuba wa wani ruwan sanyi, kuma fara ce rigar da ke jikinta.

Ta nufi cikin gida. Sai da ta kai ƙofar baya ta gane ƙafafunta ne suka kawo ta nan da kansu kamar yadda suka saba tana yarinya, alhali ga ƙofar gaba a buɗe. Ta ji haushin kanta, amma ta shiga.

Mieta mai dafa abinci tana wanke faranti. Ta rantse Mevrou ba ta ɗaga daga tebur ba tun da aka zauna. Tana magana tana kallon kumfa.

"Wa ya yanka naman?"

A gidan nan tun zamanin mijin Mevrou babu mai taɓa wuƙar nama a gaban baƙi sai ita.

"Ni na yanka," Mieta ta ce a hankali. "Hannunta ke ciwo."

"Shuɗiyar rigar fa?"

"Miya ce ta zube mata."

Sufeto ta ɗaga murfin bokitin ɓawon dankali. Rigar tana ƙasa a dunƙule, da takalmi ƙafa biyu. Daga gwiwa zuwa ƙasa baƙar laka ce, har da 'yan ciyayin ruwa. Ta ce ba ta taɓa ganin miya mai irin wannan ganye ba.

Mieta ta share hannu a zaninta, idonta ya kawo ruwa.

"Kada ki sa ni magana, Delie. Ke kin fita. Mu muna ciki."

Sufeto ba ta ƙara tambayarta komai ba. Ta sa rigar a leda, ta aika a ce wa Mevrou ta same ta a lambu.

Lambun a gangare yake. Can sama, kusa da inda ruwa ke shigowa, tsofaffin furannin wardi ne da mijin Mevrou ya shuka kafin ya rasu, su ne kuma abin da baƙi ke zuwa gani. Ƙasarsu ta sha har ta koma taɓo. Daga tsakiya zuwa ƙasa kuwa komai a bushe, ganye ya yi laushi.

Mevrou ta iso a miƙe, shekara sittin da takwas, da hannaye irin na mai aikin gona. Ta dubi Sufeto sama da ƙasa.

"'Yar Plaatjies ce? Kin girma. Baƙina sun gaji, yaushe za ki sallame su?"

Sufeto ta ji bakinta yana neman cewa a yi haƙuri. Ta haɗiye.

Ta tambaye ta wa ya juya ruwa yau. Mevrou ta ce Abrie mana, aikinsa ne, ita tana kan tebur. Ta ƙara da cewa abin ya ba ta tausayi ƙwarai, za ta ɗaukar masa lauya mai kyau, Katrien kuma babu mai taɓa ta.

"Oom Abrie daga ƙasa yake fara ban ruwa, Mevrou. Ya kai ruwa ƙarshen lambu, sannan ya biyo shi zuwa sama. Duk yaron da ya tashi a layin nan ya san haka. Yau wardi aka buɗe wa ruwa, aka bar shi, aka tafi."

"Ruɗewa ya yi."

"Yana bakin ƙofa ƙarfe sha biyu, akwai hoto. Ga rigarki kuma."

Mevrou ta dubi ledar.

"Wanda ya yi kisa ya tsorata, gudu yake yi," Sufeto ta ce. "Da baƙo ne, da ya bar gawar a cikin ruwa. Wanda zai tsaya ya ja mutum taku ɗaya don ruwa ya wuce, sai mai rabon."

Daga rumfa ana jin ƙarar cokula da kukan wani jariri. Mevrou ta miƙa hannu ta tsinke wani busasshen fure, ta murje shi.

"Asabar uku yana cinye mini ruwa," ta ce. "Wai tafkinsa bai cika ba. Yau na roƙe shi, ni, na ce ina da baƙi arba'in, furannin mijina suna mutuwa a gabansu. Ya yi dariya, ya taka marfin da ƙafa, ya juya mini baya."

"Sai kika buge shi."

"Sai ya faɗa ciki ya toshe. Na tsaya ina kallon ruwa yana malala cikin ciyawa. Sa'a biyu gare ni a mako, yarinya. Sa'a biyu."

"Yana numfashi da kika jawo shi?"

Mevrou ta kakkaɓe ɓurɓushin furen daga hannunta.

"Yana yi. Na ce bari in buɗe wa wardi in dawo. Sai na ji Mieta tana nemana a kan nama."

Ta ce ba ita ta sa Abrie ya ɗauki laifin ba. Ya gan ta tana shiga ta baya da jiƙaƙƙiyar riga, shi ke nan. Da ta ji ya ce shi ne, ba ta hana shi ba. Wannan ma ta faɗe shi ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Huɗu saura minti goma motar ofis ta iso. Kofur Tyali ya rasa yadda zai sa wa irin wannan mata ankwa, sai da Sufeto ta karɓa ta sa da kanta. Suka ratsa ta gaban dogon teburin, baƙi suka yi tsit, wannan karon babu wanda ya ɗaga waya. Mevrou ta shiga mota ba ta waiwayi kowa ba.

Oom Abrie yana tsaye a bakin hanya, hula a ƙirji, har motar ta sha kwana. Sufeto ta matsa kusa da shi, ta ce ya tafi gida, babu abin da ke kansa.

"Gida," ya ce.

Ya dubi layin ɗakunan da ke bayan rumbun taki, sannan ya dube ta. Babu fushi a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi.

"Kin yi aikinki, Delie. Ni shekara nawa ta rage mini? Da kin bar ni na tafi, da Katrien ta mutu a kan gadonta."

Ya sa hularsa, ya ce bari ya je, lokacin juya Katrien a kan gado ya wuce.