Sakan Arba'in na Bong Du-man

Ranar Talata da hantsi Bong Du-man ya dawo daga asibitin huhu ya tarar an shiga ɗakinsa. Ba a fasa ƙofa ba. Makullin na nan ƙarƙashin tulun miya, inda rabin mutanen garin Dogye suka san yana ajiye shi. A cikin akwatin da ke bayan bargunansa gwangwanayen fim biyar ne. Ya ƙirga ya samu huɗu.

Da wani tsohon ne da ya zube yana kuka. Bong kuwa sau biyu ramin kwal yana ruftawa da shi, sau biyun kuma da ƙafarsa ya fito. Irinmu da muka sha ƙurar kwal shekara talatin ba a ba mu tsoro da ɓarawon ɗaki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa wurin kallo. Ba sawun takalmi a daɓe. An mayar da barguna a ninke. Tsofaffin takalmansa na roba, waɗanda ya watsar da safe, ga su a jere, bakinsu na kallon cikin gida. Ya daɗe yana dubansu, sannan ya kira 'yan sanda.

Sajan Ok ne ya zo, mutumin birni mai laushin hannu. Ya tambayi abin da ke cikin gwangwanin da har za a sace shi. Bong ya ce shi ne mutum na farko da ya shigo da na'urar ɗaukar fim garin nan, daga Jamus ya kawo ta bayan ya yi musu haƙa shekara uku. Ranar da ruwa ya fashe a rami ya ci mutum goma sha tara, shi kaɗai ya tsaya a bakin ramin yana ɗauka har aka gama fito da gawawwaki. A lokacin wani gidan talabijin na Seoul ya ari faifan, ya nuna sakan arba'in a labarai, ya dawo da shi, amma ya riƙe kwafi ya buga masa tambarinsa. Yanzu wata darakta ta zo tana haɗa fim ɗin tarihin mahaƙa, ta sa wannan sakan arba'in a ciki, gidan talabijin ya aiko da takarda cewa nasu ne. Faifan asali kaɗai zai nuna hannun wa ya riƙe na'urar.

"Me aka rubuta a jikin gwangwanin, Baba?"

"Ban taɓa zama a aji ba, Sajan. Zare nake ɗaura musu. Wannan baƙin zare ne."

Sajan ya fara da Darakta Seol, wadda ta kama ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa. Ya gaya mata an sace faifan. Ta ce lauyanta ya gaya mata doka ta yarda a ɗauki ɗan guntun aikin wani don bayani ko nazari, ko ba izini, amma masu bikin finafinai ba sa son shari'a. Sun ba ta zuwa Juma'a ta kawo shaidar mai shi, ko ta cire wurin.

"Amma kina da kwafi," in ji Sajan.

"Kwafi su ma suna da shi. Na asalin nake nema, in sace shi in kai wa wa?"

Safiyar ranar kuma tana tare da mai ɗaukar sautinta a saman dutse, kuma direban tasi ya shaida. Sajan ya soke sunanta.

Sai ya koma kan Mista Gye, wakilin gidan talabijin, wanda ya kwana biyu a otal yana neman Bong ya sa hannu a wata takarda. Sajan ya tabbata shi ne. Ya tsare shi awa biyu a ofis, Bong na zaune a kusurwa yana tari. Gye ya rantse bai san ma lungun gidan ba, a shagon shayi suka haɗu. Can Bong ya sa baki ya tambaye shi launin zaren da ke jikin gwangwanin.

"Wane zare kuma? Ba suna a jiki?"

Bong ya tashi ya ɗauki hularsa. A waje ya ce wa Sajan ya sallami mutumin. Da shi ne, duka biyar zai kwashe, don ba yadda zai bambance su. Wanda ya ɗauka ya ga gwangwanin da idonsa, kuma wuri ɗaya Bong ya taɓa fito da shi: zauren tsofaffi, watan jiya, da Darakta ta kawo majigi aka haska wa mutanen unguwa.

Sajan ya ce ai mutum talatin ne a zauren ran nan, yaushe za a gama bin su. Bong ya ce shi dai ya biyo shi.

A hanya ya yi masa bayanin abin da ba a koyarwa a makarantar 'yan sanda. A gidan mahaƙi, idan miji ya fita aiki, matarsa takan juya takalmansa na gida su kalli ciki, don ya dawo ya sa su. Ba a tunani ake yi ba, hannu ne ya saba. Tun da matar Bong ta rasu, shekara goma sha ɗaya, ba wanda ya taɓa masa takalmi. Yau ya dawo ya same su a juye. Ɓarawon ya yi tuntuɓe da su wajen fita, ya sunkuya ya gyara su yadda ya saba. Matan wancan zamani uku suka rage a layin. Ɗaya ba ta tashi daga shimfiɗa, ɗaya tana Busan wajen 'yarta tun bazara.

Ta ukun ita ce Maman Yong-su, matar marigayi Tak, abokin haƙar Bong da ya ɗauka tamkar ƙane, ɗaya daga cikin goma sha taran da ruwa ya ci. Suka same ta a tsakar gida tana shanya barkono. Ta ga kakin Sajan, ba ta miƙe ba.

"Matar ƙanena, kin ci abinci?" in ji Bong.

"Na ci, Yaya. Ka zo da ɗan sanda ne don faifai?"

Ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, baƙin zaren na nan. Sajan ya buɗe. Zaren fim ɗin ya rabu biyu, an yanke tsakiyarsa da almakashi. Ta ce tun da safe take ɗaga shi a taga tana bin ƙananan hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta kai wurin. Guntun da ta yanke, sakan arba'in ɗin nan, ta jefa a murhu.

Sajan ya tambaye ta ko ta san laifi ne. Ta ce ta sani. Ta ce ran da aka haska majigin nan ba wanda ya gaya mata abin da za ta gani. Tana zaune da ƙoƙon shayi a hannu aka nuno Tak a kan ƙyauren katako, ba riga, bakinsa cike da laka, idonsa ɗaya a buɗe. Ran binne shi ba a bari ta ga fuskar ba, sai bayan shekara arba'in da biyar, a bango, gaban maƙwabta. Ta je wajen Darakta ta roƙa a cire. Darakta ta riƙe mata hannu ta ce a doka hoto na wanda ya ɗauka ne, kuma duniya na bukatar gani. Ta je otal wajen Gye, ya ce nasu ne, ta rubuto takarda.

"Ku uku kuna ta jayayya a kan na wane ne," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Mijina ne. Ba wanda ya tambaye ni a cikinku, har kai, Yaya."

Tari ya sarƙe Bong. Da ya lafa ya ce wa Sajan ya rufe littafinsa. Faifan nasa ne, shi ya ba ta aro, ya manta. Sajan ya dube shi, ya dubi tsohuwar, ya mayar da alƙalaminsa aljihu.

Abin da ya rage na faifan ya wadatar. Gwani ya gwada gefe da gefe da kwafin gidan talabijin, ya ce na'ura ɗaya ce, zare ɗaya, abin da ke gaba da na baya duk suna hannun Bong. Ranar Alhamis gidan talabijin ya janye takardarsa. Darakta ta zo da murnarta da kwalin lemu, ta ce yanzu sai ya dangwala hatiminsa ta saka sakan arba'in ɗin daga kwafinta.

Bong ya ce a'a. Ta yi amfani da sauran duka, ban da wannan.

Ta ce wannan wurin shi ne zuciyar fim ɗin, shekara huɗu tana aiki dominsa. Ta ce idan ta so, doka ta ba ta damar sakawa ko bai yarda ba.

"Sai ki saka, 'yata. Amma ran nunawa zan zo in tsaya gaban bangon da kaina. Dutse ya faɗo mini ban matsa ba."

Ba ta saka ba. Da kaka aka nuna fim ɗin a Seoul, Bong na layin gaba cikin kwat ɗin aro. Maman Yong-su ba ta je ba. Da aka zo wurin, allon ya yi baƙi ƙirin, ba hoto ba kiɗa, sai muryar Bong yana kiran sunayen mutum goma sha tara ɗaya bayan ɗaya, numfashinsa na sarƙewa. Wani ɗan rubutu fari ya fito a ƙasa. Ya taɓa matar da ke kusa da shi ya ce ta karanta masa.

"Wai wanda ya ɗauki hoto: Bong Du-man. Amma Baba, ai ba komai a jiki, duhu ne kawai."

"Haka cikin ramin yake," in ji shi. "Na fi kowa saninsa."