Katakon da Bai Ji Gishiri Ba

Zulmira ta ɗora guntun katakon a harshenta, ta sake lasa.

Babu gishiri!

Duk garin sun san ƙa'idarta, har dariya suke mata: ba ta manna komai a zanenta sai abin da teku ya tofo da kansa. Tun bazara take tsintar shuɗin katako a bakin ruwa, zanen har ya kusa kammala. Yau ta juya na hannunta, sai ga sawun zarto ɓaro-ɓaro.

"Amarya, ana ta lashe-lashe?"

Gracinda ce, 'yar mai gyaran jiragen ruwa, wadda uwar Baltasar, angon Zulmira, ta so ta zama surukarta maimakon "mai kwasar shara".

"Kina nan kina lasar itace, angon naki kullum a filin babana yake karya kumallo. Ban dai ce komai ba..."

Dama kwanan nan ba a ganinsa da safe, in Zulmira ta tambaya sai kame-kame. Kishi ya rufe mata ido, ta nufi filin ko takalmi babu.

A durƙushe ta same shi da zarto, gaban tsohon jirgin marigayi babansa. Gefen jirgin mai shuɗin fenti ya zama wagege.

"Baltasar! Kai ne tekun?"

"Rabin raina, tsaya ki ji..."

"Ashe duk ƙarya nake mannawa!"

"Da na miƙo miki da hannu, za ki karɓa?"

Ta kau da kai.

"Kullum sai na goge shi, na jiƙa a ruwa, sannan na ajiye miki a bakin teku. Yau Gracinda ta tsare ni da surutu, na makara."

"Jirgin mijina!"

Dona Ofélia ce, uwar Baltasar, Gracinda na biye da ita tana murmushi. Zulmira ta san auren nan ya gama yawo.

"Mama, ruɓewa yake a nan. Baba ya sha cewa jirgi bai kamata ya mutu a tudu ba."

Tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba. Sai ta zuba wa Zulmira ido.

"Ke! Me kika yi da katakon?"

"Wallahi ban san nasa ba ne, Dona. Jirgi na haɗa da su... yana tsakiyar ruwa, iska ta cika ƙyallen da ke tura shi."

Tsohuwar ta fizge guntun daga hannun Zulmira, ta taka har bakin ruwa, ta wurga shi. Gracinda ta saki dariya.

Igiyar ruwa ta tafi da shi, ta juya shi, ta dawo ta ajiye a kan yashi.

"Me kike jira, 'yata? Ɗauki! Yanzu ai teku ne ya ba ki. Ki gama min jirgin nan kafin biki."

Zulmira ta sunkuya tana kuka ta ɗauka. Baltasar ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Lasa mana, mu ji."

Ta harare shi, ta lasa.

Ya ji gishiri.